Yadda Za Ki Wanke Kanki Bayan Kin Tura Mai Neman Ɓera Farautar Zomo

Ke ɗalibar da ke tsaye a ɗakin gwaje-gwaje riƙe da fim ɗin sakamakon gwaji wayam, share hawayenki. Gobe mitin, Farfesa na jiran sakamako kafin ya sa hannu a kundin digirinki, ke kuma kin ƙarar da ɗigon ƙarshe na antibodinsa a banza. Bi matakan nan. Na rantse da farar rigata, sai an tafa miki.

Mataki na 1: San laifinki, don ki san inda za ki binne shi

Zaren gado, wato DNA, a naɗe yake jikin histon kamar zare a kwarkwaro. Metil kuwa 'yar alama ce da ke maƙale wa histon. A wani wurin ta ce wa ƙwayar gado "yi magana", a wani ta ce "rufe mana baki". Antibodi biyu, wato sinadarai masu farauta, ake turawa nemanta. Na farko, wanda aka samo daga jinin zomo, ya cafke alamar. Na biyu ya cafke na farkon ya haska, sai layi ya fito a fim. Ke kuwa da kika buɗe firji kina amsa wayar mamanki, sai kika ɗauko na biyun da antibodin ɓera kaɗai yake kamawa, ba na zomo ba. Bawan Allah ya shiga, ya duba, bai ga ɓera ba, ya kama gabansa.

Mataki na 2: Gwada firji tukuna

Tari Dokta, mataimakin Farfesa, da fuskar tausayi. Ce masa, "Dokta, anya ba a ɗauke wuta a firjin nan ba?"

Zai ce, "Wace wutar? Ai nawa antibodin a ciki suka kwana, ga layuka nan raɗau."

Ƙyalƙyale da dariya, ki ce dama gwada shi kike yi. Ki bar firji, yana da shaida.

Mataki na 3: Sake wa abin suna

Jahili ne ke cewa "ba abin da ya fito". Masani cewa yake "alamar ta ɓace baki ɗaya". Maimaita wannan a gaban madubi har ke ma ki fara jin tsigar jikinki na tashi. In bakinki ya gaji, daure, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Mataki na 4: Nuna babu da ƙarfin hali

A mitin, haska fim ɗin a bango, ya cika shi fal. Ɗauki sandar nuni ki dungura tsakiyar farin.

"Ranka ya daɗe, nan ya kamata ta kasance. Babu. Nan ma babu."

Farfesa zai zare tabarau. "Ko ɗis?"

"Ko ɗis, ranka ya daɗe."

A nan Dokta zai ɗaga hannu ya ce, "Wai wane na biyun kika sa?" Kama tari. Tari na gaske, har da riƙe teburi da neman ruwa. Farfesa da kansa zai tare miki: "Haba Dokta, bar yarinya ta numfasa. Hassada ga mai rabo taki ce!"

Mataki na 5: Karɓi tafinki

Farfesa zai miƙe har kujera ta kife. "Histon babu metil! Duniya ba ta taɓa gani ba!" Ɗaki zai ɗauka da tafi. Sunkuyar da kai kamar mai kunya, ki tura masa kundin a hankali, biro a samansa. Zuciyarki fari ƙal, kin riga kin hango ƙofa.

Zai turo miki abinki.

"Sa hannu? Ki tafi ina? Wa zai samu irinki ya saki? Yau zan aika a kawo sabon antibodi. Za ki maimaita, Dokta ya riƙa miƙo miki kwalaben da hannunsa, ni kuma in ja kujera in ga abin al'ajabi da idona."

Yi murmushi. Wannan matakin ba shi da na gaba.

A kula: abin da zai faru ranar maimaici tsakaninki ne da Farfesa da kujerarsa. Ni ban san ki ba, ban san ɗakinku ba. In aka kira ni shaida, zan ce ko karatu ban iya ba, balle rubutu.