Waya Uku da Rufin Mahautarmu

Ni na fara ganin bidiyo a Garuwa. Tun masu digirin yau suna tsotsar yatsa nake kunna kaset a ƙofar gidana, unguwa ta cika maƙil. Ban taɓa taka lekol ba, boko ya wuce ni, amma na san wayoyin bidiyo uku: rawaya ido ce, fara da ja kunnuwa.

Jiya na ɗauki wani tsohon kaset na kai biro, wato ofishin da aka buɗe mana da kiɗa da jawabi, wai don adana tarihin gari. A cikinsa akwai Mai Girma Uban Alkawura, ranar da ya zo mahautarmu shekara talatin da suka wuce, ya rantse zai yi mana rufi. Har yau rana ce rufinmu, damina kuma ta wanke mana nama kyauta, Allah ya saka masa. 'Yan'uwana mahauta suka ce in sa a juye kaset ɗin cikin wayar salula kafin zaren ya ruɓe, mu je mu kunna masa muryarsa.

Mushe Nicolas, Babban Mai Gadin Na'ura, ya fito da akwatin juyi. Shekara biyu ko ledarsa ba a ɓare ba. Wannan shi ne adana! Ya haɗa bidiyo da akwati, akwati da kwamfuta, ya danna. Allo shuɗi.

"Baba, kaset ɗinka ya mutu."

"Ɗana, a ramin shiga ka soka rawayar waya. A bayan bidiyo ramin fita ake nema. Wa ke tatsar saniya ta baki?"

Ya mayar da rawaya inda na nuna. Sai ga Mai Girma da babbar riga, baki na motsi kamar akuya na tuƙa, babu sauti.

"Ina murya?"

"Baba, a horon da aka kai mu rawaya kaɗai aka koya mana. Fara da ja sai zango na biyu."

Na ce ya matsa. Gani ya kori ji, amma a sha'anin alkawari ji ake nema. Na soka fara, na soka ja, murya ta fito ras:

"Mahautan Garuwa, na rantse, rufinku zai tsaya nan da wata..."

Sai guɗa ta tashi, doguwa, ta haɗiye sauran maganar. Na san guɗar nan. Ƙaltume ce, matata, da ta rasu shekara huɗu ke nan. Ashe ranar a gindin mai ɗaukar hoto ta tsaya.

Nicolas ya washe baki. "Ka ji, Baba? Ba a ji wata nawa ba. Bai makara ba ke nan."

Na ce ya mayar baya. Ya mayar. Sau biyar ina sa shi, yana zaton adadin nake nema. Idona kuwa ƙura ce ta shiga, biro ɗin nan ba a shara.

Shaidar mahauta ta sha ruwa, Ƙaltume ta ceci babban mutum, ita da ko gaisuwarsa ba ta taɓa samu ba. Amma na kalli leɓensa da kyau: shida ya ce. Wanda ke musu ya same ni a mahauta ranar da hadari ya haɗo, kada ya zo da laima. Mu tsaya tare a ƙarƙashin rufin, in kunna masa guɗar.