Kuncin Dama na Malam Barau

A majalisarmu ta bakin kasuwar Malumfashi kujera ɗaya ce mai majingina. Sauran duk benci ne. Wanda ya fi kowa tsufa shi ke zama a kanta, shi ake fara miƙa wa shayi. Malam Barau ne a kai. Malam Mamuda kuma ya daɗe yana cewa shi ne babba, an dai zalunce shi. Babu wanda ya san shekarar haihuwarsa a cikinsu. Da gardama ta ishe mu, muka ce a duba fuska. Aka duba. Ta Barau kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya ci kujera, Mamuda ya koma benci a damansa yana ta ƙunƙuni.

To akwai Sallau mai gyaran fanka. Mutum ne magidanci, amma kansa ba ya zama wuri ɗaya. Ya ga wata 'yar na'ura a waya, wadda mata ke gogawa a fuska a gida fata ta miƙe. Ya ce shi ma zai ƙera tasa, matan garin nan su huta da aike Kano. Ya samo injin aski da ya mutu, ya zare cikinsa ya cusa a kwankon tocila. Ya yanke kan cokali ya liƙa a baki. Ya ɗaure da roba.

Ta farko da ya haɗa ya gwada a kansa, ta cinye masa rabin gashin baki. Ta biyu ƙarfi ya yi mata yawa, mai shayinmu ya karɓe yana kaɗa ƙwai da ita. Da ya gama ta uku ya kai wa matarsa. Ta ce fuska ɗaya Allah Ya ba ta, kuma tana da biki. Ya bi maƙwabta, kowace ta rufe ƙofa.

Sai ya tuna da Barau. Ya same shi a zaure.

"Baba, duk garin nan babu mai tamoji irin naka. In ta yi aiki a kanka, ta yi a kan kowa."

"Zagina ka zo yi har gida?"

"Wane ni, Baba. Yabo ne."

Da a da ne, da Barau ya kore shi. Amma a satin nan jikarsa ta ƙi ɗaukar hoto da shi, ta ce ta sake shi, ba ta auren mai fuskar busasshiyar kuɓewa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya leƙa waje, ya ga ba kowa, ya ce Sallau ya turo ƙofa.

Sallau ya shafa masa man kaɗanya. Ya ce, "Baba, gefe ɗaya za mu fara. Haka masu wannan aiki ke yi. A gyara dama, a bar hagu, don a ga bambanci."

Ya kunna. Abu ya kama kuka kamar babur ya hau tudu. Haƙoran Barau da suka rage suka shiga gaisawa da juna. Hularsa ta zame ta faɗi.

"Kai, Sallau, tana ja na!"

"Aikin kenan, Baba. Daure."

Ya daure. Aka goge dama tun daga goshi har haɓa. Ana shirin komawa hagu sai na'ura ta yi tari, ta yi hayaƙi, cokalin ya fice ya bugi bango. Sallau ya kwashe kayansa ya ce gobe zai dawo.

Washegari Barau ya zo majalisa da rawani har hanci, ga zafi ana ta fifita. Ya zauna a kujerarsa. Muka gaisa. Aka miƙa masa shayi. Shayi kuwa ba ya shiga ta rawani. Dole ya ja ƙyallen ƙasa.

Mamuda ne a dama, shi ya fara gani. Kunci ya kumbura ya yi suntum, yana sheƙi kamar sabon tumatir. Ko layi ɗaya babu. Idon ma ya ɗan shige ciki. Mu da ke hagu ba mu ga komai ba, Barau ne dai na kullum.

Mamuda ya ajiye kofinsa.

"Yaro, ɗan gidan wa ne kai?"

"Mamuda, ka kiyaye ni."

"Au, ka san sunana? To in babanka ya aiko ka, faɗi saƙon ka tashi. Nan wurin manya ne."

Muka zagaya muka gani. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Ni ban yi ba. Na dai koma bayan rumfa na ɗan jima.

Mamuda ya miƙe ya gyara riga. Ya ce, "Jama'a, ku kuka yanke hukunci da bakinku. Kun ce fuska. To ga fuska. Wannan ko katin zaɓe ba za a ba shi ba. A ba ni kujerata."

Barau ya ce, "Kumburi ne. Zai saɓe."

"In ya saɓe ka girma, sai ka dawo mu duba."

Aka juyo gare ni wai in raba. Na ce ni gefe biyu na gani, kuma kowanne da gaskiyarsa.

Ana cikin haka sai ga Sallau da gudu, na'ura a hannu, ya sa mata sabon cokali, wannan karon na miya.

"Baba, na gyara! Kai, ka ga aiki? Wallahi ko ango! Kawo hagun mu ƙarasa."

Barau ya ɗaga sanda. "Matso. Matso in ƙera maka taka fuskar."

Mamuda ya ce, "A'a, ku bar bawan Allah ya gama aikinsa. Ba kyau a bar abu rabi. Sallau, kunna. Ni zan riƙe maka shi."

Sallau ya tsaya nesa da sanda. Mamuda ya dawo ya tsaya a kan Barau, ya dafa majingina, ya sunkuyo daidai kuncin nan mai sheƙi.

"Ƙanena, tun muna mu biyu. Tashi ka ba yayanka wuri."

Barau ya kurɓi shayinsa ta gefen bakin da ke aiki. Ya gyara zama. Sannan ya juya masa hagu a hankali, ya nuna da yatsa.

"Ƙaninka na wancan gefen, kuma ka gama da shi. Zagayo nan ka durƙusa ka gaida babanka."