Namijin da Ya Haihu a Hannuna

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Isuhu ya zo ganin kifin da nake kiwo a Magama, bakin iyaka kusa da Jibiya, ba. Kawun Hadiza ne, yarinyar da nake nema, kuma takanas aka taso shi daga Maraɗi ya duba ko ina da sana'a kafin a sa mana rana.

Lokacin kuwa wani karatu ya ɗauke min hankali. Ashe kifi ba kamar mu yake ba! Mu X da Y ne tun tale-tale, amma kifaye sun yi ta sauya ƙwayoyin gadon da ke raba mace da namiji, zamani bayan zamani. Sai ka ga karfasa iri biyu 'yan uwan juna, ɗaya uba ke yanke jinsin ɗa, ɗaya uwa. Har ɗumin ruwa ma kan sa ƙanana su tashi maza. Wallahi tsalle na yi a ɗaki ni kaɗai. Da yake maza sun fi saurin girma, na duƙufa ɗumama wa 'ya'yan karfasata ruwa a baho (gwiwar hannu ce ma'aunin zafina, kamar mai wankan jariri), na kuma cika Jibiya da cewa babu mace ko ɗaya a ramin kifina.

Kawu ya iso, 'yan dakon iyaka suka biyo mu kallo. Ko gaisuwa ban bari ta ƙare ba na hau bayani, har da zana X da Y a ƙasa da tsinke. Yana ta "ikon Allah", ni kuma kaina na ƙara kumbura. Na sa raga na kamo guda, na ɗaga na ce, "Kawu, ga namiji tsantsa."

Kifin nan ya wangale baki ya amayo min 'ya'ya a tafin hannu, suna ta mutsu-mutsu. (Macen karfasa a baki take renon 'ya'yanta, kuma na san haka sarai.)

Kawu ya leƙa hannuna, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Barka da arziki, ɗana. Wanga namiji naka ya sauka lahiya. Yaushe suna?"

'Yan dako har da faɗuwa ƙasa. Ni kam kunya ta hana ni ko wanke hannu.

An dai ba ni Hadiza, amma har yau Ungozoma danginta ke kirana. Yanzu in baƙo ya zo, sai na leƙa bakin kifi kafin in buɗe nawa.