Ranar da Na Tilasta wa Mutum Goma Sha Biyu Ganin Kore

Ba zan taɓa mantawa da bikin Sani ba, abokinmu a nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, domin a nan na gane ni azzalumi ne.

Ni aka naɗa shugaban abokan ango. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce anko ya zama kore. Na je kasuwar Mokola na sayo shadda na baje wa mutanena. Habu, aminina tun muna yara, malamin makaranta, ya ce, "Oga, wannan ai ruwan ƙasa ce."

Raina ya ɓaci. Na ce kore ce, duk wanda ya ga wani abu daban ɗan adawa ne. Nan take na cire Habu daga zaurenmu na waya, na hana a kai masa katin gayyata. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya: wace kala ce? "Kore ce, Shugaba." (Wani har ya ce kore shar, Allah ya yafe masa.)

Sati uku Habu bai neme ni ba. Na yi ta jiran ya zo ya tuba.

Ranar biki muka shigo a jere, ni a gaba. Hajiya ta dube mu ta dafe ƙirji.

"Wa ya ce ku sako mini kalar buhun goro?"

"Hajiya, kore ce."

"Ɗan nan, lafiyarka?"

Na waiwaya neman shaida. Duk sun sunkuyar da kai. Matan layi suka kwashe da dariya, da Hausa da Yarabanci. Gumi ya jiƙa min shaddar, ko ma wace kala ce.

Sai ga Habu, ba kati, cikin rigar da kowa ya ce kore ce. Na tsaya jiran zagi. Sai ya kama hannuna.

"Ka san farkisanci, mulkin kama-karya? Mutum ɗaya ya duba, kowa ya rantse da idonsa. Kai kuma naka idon ma da matsala. Gobe asibiti."

Can aka nuna min takarda mai ɗigo-ɗigo, wai akwai lamba a ciki. Ban ga komai ba. Ashe haka aka haife ni, kore da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a wurina. Na nemi gafararsa a bakin ƙofa, ya ce in saya masa tsire a wuce wurin. Wallahi sai a lokacin na yi numfashi.

Yanzu in kowa ya yarda da ni nan take, tsoro nake ji. Sai in kira Habu.