Hasken Ƙashi a Aljihuna

Har na shiga kabari ba zan manta da ranar sadakar bakwai ta Malam Garba ba, shekara biyu bayan tawayen Musulmi a nan Bahiya, garin Turawa a ƙetaren teku. Lokacin, duk wanda aka kama da rubutun Larabci bulala ce, ko a sa shi a jirgi a kore shi daga ƙasar.

Ina dako wa wani Bature mai haɗa magani a unguwar Pelourinho. Yana da wani abu kamar kakin zuma a kwalbar ruwa, suna ce masa fosforo. Ya ce daga tokar ƙashi ake fitar da shi, kuma ba a taɓa samunsa shi kaɗai a ƙasa, kullum manne yake da wani abu. A duhu yana haske.

Na yanki ɗan kaɗan a ɓoye (Allah Ya yafe mini). Na yi fataucin kanwa a Barno, na ɗauki gishiri har Kano, na san ruwa ke lalata kaya. Sai na ce Baturen nan bai iya ajiya ba. Na naɗe shi a tsumma, na sa aljihu.

Mu tara ne a ɗakin marigayin bayan la'asar, taga a rufe, ana karanta takardunsa na Larabci ƙasa-ƙasa. Su kaɗai suka rage mana. Na yi gyaran murya.

"Iya Hauwa, daina kuka. Yau zan nuna miki ko a ƙashin matacce akwai haske."

Matar marigayin ta dube ni. "Baba Audu, wandonka ne ke hayaƙi ko idona ne?"

Tsumman ya bushe, ashe ruwan ne ke hana abin kamawa da wuta. Na mari cinya, wutar ta manne mini a tafi. Na kwance wando a gaban mai takaba, na yi waje ina ihu da Hausa, hayaƙi mai warin tafarnuwa na bina. 'Yan sintiri biyu suka juyo daga titin da ake kira Ladeira da Praça.

Kafin su iso ƙofa, Iya Hauwa ta cusa takardun mijinta a murhu da hannunta. Ba su sami komai ba sai tsoho ba wando. Suka yi dariya suka tafi.

Ba wanda ya zage ni. Da yamma ita ta shafa mini man ja a ƙunar, ta ce, "Sannu, malamin ƙashi."

Tun ranar, in na ga abin da ban gane ba, sai in ce ban sani ba. Na iya faɗinta da Hausa, da Yarabanci, da harshen Turawan nan, kuma har yau ba ta ƙona kowa ba.