Bindigar Kakana da Zabin Rurum

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar nan da malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki ba. Ba karatun da muka rasa ne ya sa ba, abin da na ja wa kaina ne a bayan garinmu, Rurum. Lokacin ba a daɗe da dawowa mulkin farar hula ba, bakin kowa ya buɗe, kowace majalisa ka zauna musun siyasa ake ko zancen Shari'a. Ni dai nawa bakin yana nan a rufe kamar kullum. Ina aji biyu a jami'a, ga tabarau, ga rama, in aka yi mini sallama da ƙarfi sai na zabura. A gida Malam Shiru suke ce mini.

A farkon shekarar kakanmu ya rasu. Tun ina ƙarami a ɗakinsa nake karatu, don nan ne kawai yara ba sa shiga. A saman inda nake zama akwai tsohuwar bindigarsa a rataye, adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, gindinta naɗe da jar fata. Ban taɓa harba ta ba, amma ƙamshin man da yake shafa mata shi ne ƙamshin kakana a wurina. Da aka raba gado sai ta faɗo a kason Baffa Idi, ƙanin mahaifina. Shi maharbi ne, yana da tasa, don haka wata rana bayan cin tuwo ya sanar cewa zai ba Ɗan'asabe, ɗan ƙanwarsu da ke Kibiya.

Sai na ji wata murya ta ce, "Baffa, ni ma ina so." (Wallahi sai da na waiga, kafin na gane tawa ce.)

Baffa ya ajiye butar hannunsa. "Wa ya yi magana? Malam Shiru? Kai da in an ce ka riƙe kaza a yanka sai ka kau da kai?"

Na sunkuyar da kai, amma ban janye ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To. Zabo ɗaya. Na daji fa, ba na Innarku ba. Ka kawo shi kafin a gama cirar gyaɗa, bindiga taka ce. In ba haka ba ta tafi Kibiya."

Haka na shiga makarantar Baffa. Darasin ba wuya a baki: ka zuba albarushi, ka tura tsumma, ka danna da dogon ƙarfen ɗuri. Ka zuba 'ya'yan boris na keke, su ne harsashin, ka ƙara tsumma, ka sake dannawa, ka mayar da ƙarfen mazauninsa a ƙarƙashin bututu. Na tambaye shi ainihin ma'aunin albarushin, ya buɗe tafin hannu ya ce, "Kamar haka." Na ce kamar cokali nawa ke nan? Ya ce, "Shayi za ka haɗa?"

Dokokinsa biyu ne. Ba a kifa wa bindiga 'yar hular ƙarfe mai tada wutar albarushi sai za a yi harbi, kuma ita a aljihunsa za ta zauna. Sannan ba a magana kusa da zabi. "Ta biyun nan ma," in ji shi, "kai ba sai an gaya maka ba."

Kuskuren da Baffa ya yi shi ne gaya mini cewa in ɗuri bai dannu ba, bindiga ba ta tashi da ƙarfi, sai ta yi "fus" boris ya zube a gaban mutum. Ni kuwa mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. Tun daga ranar na kama danna ɗuri ba ji ba gani. Baffa ya kan ce, "Kai, ɗuri kake ko dakan fura?" Duk da haka, da muka gwada a kan wani tsohon kwano, na huda gefensa. Na yini ina jin kaina kamar Sarkin Baka.

Ranar da za a fita, da la'asar, sai ga Ɗan'asabe a kan kekensa tun daga Kibiya. Wai ya zo taya ni addu'a. (Har da buhun da zai naɗe bindigar ya taho.) Muka nufi wata gona da aka cire wa gyaɗa, inda zabi ke saukowa daga duwatsu suna tsintar saura. Can gefe, nesa da mu, mata suna roro, wani Bafillace kuma yana jingine da sandarsa yana kallon shanunsa. Na yi ɗuri a gaban Baffa, ya gyaɗa kai. Muka rarrafa muka kwanta bayan gamba, shi a gaba, ni a baya.

Muka yi ta jira. A nan ne waswasi ya same ni, irin wanda ke kama mutum bayan ya gama alwala, ya rasa ko ya wanke ƙafar hagu. Anya tsumman na biyu ya zauna? Anya rarrafen nan bai sassauta shi ba? A hankali na zaro ƙarfen, na zura shi a bututu, na fara dannawa kaɗan-kaɗan don kada Baffa ya ji.

Sai ga zabi. Garke guda, suna tafe suna tono, kusa har ina ganin ɗigon jikinsu. Baffa bai waigo ba, idonsa na kansu, ya miƙo hannu baya da hular. Ya ce cikin raɗa, "Yanzu!"

Na karɓa na kifa ta, na ɗana, na kai kafaɗa. Gaskiya na lura bindigar ta ɗan ƙara tsawo. Wani abu a raina ya ce in tambaya. Amma an ce ba a magana, kuma tun da nake ban taɓa ce wa babba "tsaya" ba. Na ja kunama.

Abin da na sani kawai, na ga sama. Bindigar ta make ni a kafaɗa ta wurgar da ni cikin ƙarangiya, tabarau ya yi nasa wuri. Na ji wani abu ya wuce yana fito, "fiiiu", sannan can nesa, "tas!" Zabin nan suka tashi gaba ɗaya, ko gashi ɗaya ba su bari ba.

Baffa ya fizge bindigar ya duba bututun, ya kama hannuwana yana jujjuyawa yana kallon yatsu, bakinsa na ta salati. Sai da ya tabbatar komai na nan, sannan ya duba ƙarƙashin bututun ya ce, "Ina ƙarfen?"

Ɗan'asabe ne ya nuna, don dariya ta hana shi magana. Can a jikin wata ƙatuwar bishiyar kuka, sama inda ko da tsani sai an yi dabara, ga ƙarfen ɗurin kakana a kafe, yana ta karkarwa.

Kafin in gama cire ƙaya daga wando, masu roro sun iso. Gwaggo Delu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta riƙe haɓa ta ɗaga kai. "Idi, yanzu miyar kukar ce ta gagare ku sai da bindiga?" Bafillacen nan ma ya matso, ya ƙare wa bishiyar kallo da gaske, ya ce, "Ta mutu kuwa, ko za a ƙara mata?"

A nan take Baffa ya miƙa wa Ɗan'asabe bindigar, ya ce ya kai wa maƙeri ya yi mata wani ƙarfen. Na tattaro sauran ƙarfin halina na ce, "Baffa, ai ba a gama cirar gyaɗa ba."

"Na sani. So nake in mayar wa Yaya ɗansa da yatsunsa cikakku." Sai ya dafa ni a kafaɗar da ba ta ciwo, ya nuna saman bishiyar. "Kuma kai ma ba ka tashi a banza ba. Ga rabonka can. Duk ranar da ka shirya, ka hau ka ɗauko."

Ban hau ba. Yana nan har yau, ya yi tsatsa, jikin kukar ya haɗiye rabinsa. In na je gida nakan bi ta wajen in duba dukiyata. Abin da na koya kuwa, aikin da aka gama a bar shi ya huta. Kuma in ka ga bindigarka ta ƙara tsawo, ka buɗe baki ka yi magana, ko da zabin duniya duka za su tashi.