A Riƙe Malam

Laifina ne, na amsa. Zamanin soja ina koyar da kwamfuta, na zo hutu Makarfi na tsare Yaya Hajara da lacca. Na ce cikin na'ura akwai mai shara, duk abin da ba a riƙe ba kwashewa yake, shi ya sa mai hankali yake ɗaura wa kayansa alama.

"To, Malam," ta ce.

Takardun bincikena na shekara guda kuwa suna cikin tsohon kwali a zaure, babu alama. Ranar Asabar ɗin sharar dole, kafin sojoji su zagayo, Yaya ta ƙone shi tare da bola.

"Ai ba wanda ya riƙe shi," ta ce da na tambaye ta.

Har yau in ta ɗauki tsintsiya sai ta ƙwala kira: "Jama'a, a riƙe Malam!"